Ranar da Yayata Clorinda Ta Hana Kondor Sauka

Yayata Clorinda Faúndez a kan hanya aka haife ta. Iyayenmu na kora awaki daga gidanmu na ƙasa zuwa makiyayar tsauni, tafiyar kwana tara, sai naƙuda ta kama mahaifiyarmu a rana ta shida, a gindin wani dutse da ko inuwar kirki ba shi da ita. Babanmu ya riƙe alfadari, kakarmu ta karɓi haihuwa, washegari aka naɗe jaririyar a fatar tunkiya aka ci gaba da tafiya. Ni Evaristo sai bayan shekara tara na zo. Ni ne auta, kuma da Auta take kirana har yau da nake da furfura, ba ta ambatar sunana sai in na ɓata mata rai.

Mu mutanen arewacin Neuquén ne, a ƙasar Ajantina, kuma tun kakanni awaki muke kiwo. In zafi ya shigo a watan Disamba mu hau tsauni da dabbobi, in ƙanƙara ta kusa a Afrilu mu sauko. Abokan gabarmu biyu ne. Akwai dila mai ɗauke 'yan awaki ɗai-ɗai, akwai kuma puma, damisar duwatsunmu, wadda in ta faɗa garke ba ta tsayawa a kan abin da cikinta zai ɗauka. Can sama da mu duka kuwa kondor ne ke shawagi, babban ungulun tsauni, baƙi wuluk da farin gashi zagaye da wuya, wanda in ya buɗe fikafikai ya wuce ta kanka sai ka ji doki ya zabura. Shi ba ya kisa. Jira yake abu ya mutu, ya sauko ya share wurin.

Kakarmu tana da wata dabara da Clorinda kaɗai ta tsaya ta koya. In karya ta haihu a lokacin haihuwar awaki, sai ta ɗauki kwikwiyo tun bai buɗe ido ba ta kai shi garke. Ta matse akuya mai nono tsakanin gwiwoyinta, ta sa wa kwikwiyon nonon a baki, sau huɗu a rana, har akuyar ta gaji da shure-shure ta fara lasarsa. Ba a shafa shi, ba a kiransa ƙofar gida, ba ya cin abinci sai a cikin garke. Ranar da ya buɗe ido awaki zai fara gani, daga nan shi a tunaninsa akuya ne mai haƙori. Duk inda garke ya nufa yana tsakiya, duk abin da ya tunkaro su kuma da shi zai fara haɗuwa. Aiki ne mai cin rai, da kakarmu ta rasu sai babanmu ya watsar da shi.

Tana da shekara goma sha tara Clorinda ta auri Lisandro, ta bi shi lambunan tuffa da ke bakin kogi, can kudu da mu. Shekara ashirin da uku suka yi a can. Ita tana jera tuffa a akwati, shi yana yawo tsakanin itatuwa da tankin feshin maganin ƙwari a baya, ba abin da ke tare masa hanci sai hankici. Wata rana da azahar aka kawo mata shi kwance a bayan tarakta, yawu na dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Aka yi masa allura a asibiti ya farfaɗo, amma bai sake zama mutumin da ta sani ba. Bayan shekara huɗu ya rasu. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ta ɗaure gadonta da keken ɗinkinta ta dawo gida, ta karɓi awaki ashirin da shida da suka rage mata na gado.

A gidana ta sauka, kuma a gidana ta fara ganin kwalbar. Kwalbar lemo ce, na soke ta a saman rufi inda yara ba sa kaiwa. Ta sauko da ita, ta buɗe, ta kai kusa da hanci, sai na ga fuskarta ta canza.

"Auta, mene ne wannan?"

"Maganin dila ne, Yaya. Daga lambu ake kawo shi. A zuba a mushe, dila ko puma ta ci, shi ke nan. Kowa yana da shi yanzu."

"Na san shi. Na fi ka saninsa. Shi ya kwantar mini da miji."

"Haba, Yaya, ai mu ba sha za mu yi ba."

"Shi ma bai sha ba."

Na ce mata zan zubar. Ban zubar ba, sai dai na sauya masa maɓoya.

A haihuwar awaki ta farko bayan dawowarta ta nemo 'yan kwikwiyo biyu ta fara aikin kakarmu. Mutane suka samu abin dariya. Don Nemesio Tapia, wanda ya fi kowa awaki a kwarinmu kuma ya fi kowa murya, in ya wuce a kan dokinsa sai ya ɗaga hula.

"Doña Clorinda, barka da aiki! An ce awakinki sun fara haifar karnuka. A baɗi kuma me za su haifa, kaji?"

"In sun haifi mai surutu zan aiko maka ka raine shi, Don Nemesio, tunda kai ka san kan abin."

Daga nan aka sa mata Uwar Karnuka. Cikin shekara shida ta yi karnuka biyar da awaki casa'in, kuma da wuya a ji ta yi asarar fiye da huɗu ko biyar a shekara. Amma ba wanda ya yarda karnukan ne. Cewa ake makiyayarta fili ce, puma ba ta son fili. Ni ma haka nake cewa.

A shekara ta bakwai, mako biyu da hawanmu tsauni, na fita da safe na tarar da 'yan awakina goma sha bakwai a zube, da iyaye biyu. Puma ta karya musu wuya ta bar su, ɗaya kawai ta ci. Waɗannan su ne takalman 'ya'yana da garin da za mu ci a lokacin sanyi. A wannan makon ne kuma wata tsohuwar goɗiyata ta karye na harbe ta, mushenta na can a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse da muke kira Piedra Mora. Na tono kwalbar, na hau, na tsaga cikin goɗiyar na juye duka. Ban faɗa wa kowa ba, har matata.

Kwana uku bayan haka, ina shan mate, shayin ganyen da muke sha a ƙwarya, a ƙofar bukka da hantsi, sai ga Clorinda a kan alfadarinta. Ba ta sauka ba, ba ta gaishe ni ba.

"Evaristo. Me ka ajiye a Piedra Mora?"

"Ni? Me kika gani?"

"Tun jiya nake kallon kondor suna sauka can. Ban ga ɗaya ya tashi ba. Ɗaura sirdi."

Da muka haura kan dutsen, pumar muka fara gani, kwance nesa kaɗan da goɗiyar, bakinta a buɗe. Sai diloli uku. Sai kondor. Wasu sun faɗi a kan mushen, wasu sun ja jiki taku goma ko ashirin kafin su mutu, fikafikansu a baje kamar an shanya barguna. Na ƙirga goma sha uku. Duk rayuwata daga ƙasa nake ganinsu suna can sama, ban taɓa sanin haka girmansu yake ba, ban kuma san cewa mutum ɗaya da kwalbar lemo zai iya zubo da su haka ba.

Clorinda ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa da sanda. A na ƙarshe ta durƙusa. Mace ce, kanta a ƙasa, yawu na zuba daga bakinta, jikinta na karkarwa.

"Wannan tana da rai. Dubi idonta. Haka na Lisandro ya yi." Ta ɗaga kai sama, ni ma na ɗaga. Wasu kondor ne ke kewaya mu, sun fi ashirin, kuma kowane zagaye ƙara saukowa suke. Rana ta yi zafi, lokacin cin abincinsu ya yi.

Na ce mu binne mushen. Ta buga ƙafa a ƙasa, dutse ne zalla. Na ce mu ƙone shi. Ta ce in nuna mata itace ɗaya a wannan tsaunin. Sai ta cire bargon kafaɗarta ta naɗe tsuntsuwar, ta ɗaure mata baki da igiyar hularta, ta sa fatar sirdi a bayana don kada aman ya taɓa mini jiki.

"Ka kai ta ɗakin shan magani. Ka ce wa ma'aikaciyar maganin feshi ne, allurar da ake yi wa mutum ita za a yi mata. Ta kira masu kula da namun daji ta rediyo. Ni ina nan."

"Yaya, in na je kama ni za a yi."

"Za a kama ka. Tafi."

Dokina ya ƙi yarda a ɗora masa ita, don haka a bayana na goya ta na ja shi, awa biyar muna gangarawa. Ina jin bugun zuciyarta a ƙashin bayana. Duk lokacin da na daina ji sai in tsaya in saurara. Ma'aikaciyar ta samu wata likitar dabbobi mai suna Griselda ta rediyo, ita ta faɗa mata yawan allurar da za ta yi. Da aka tambaye ni wa ya zuba gubar, na ce ni ne.

Abin da Clorinda ta yi a kan dutsen kuwa, daga baya na tattara shi, kaɗan daga bakinta, mafi yawa daga waɗanda suka same ta. Ta ɗaure jan ɗankwalinta a kan sanda ta kafa a kan goɗiyar. Ta ɗauko butar shayi da ke rataye a sirdinta ta dinga ƙwala mata dutse tana ihu. In tsuntsayen suka ɗan yi sama, sai ta ruga ta ɗauko duwatsu ta jera a kan mushen. In suka sauko, ta yar da dutsen ta koma kan buta. Goɗiyar ta fara rufewa, sannan pumar, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya, don ta san yanzu kowannensu ya zama guba ga wanda zai ci shi. Kondor suka sassauka a kan duwatsun da ke gefe suka zuba mata ido. Wani tsohon namiji mai tukku a ka ya tako da ƙafa har taku biyar tsakaninsu. Ta ce ta zage shi, ta zagi uwarsa da ubansa, ta jefe shi da takalmi, sannan ya ja da baya yana kallonta kamar ita ce ba ta da hankali. A nan ta kwana. Da gari ya waye, kafin iska ta yi ɗumin da za su iya tashi, ta ci gaba da jidar duwatsu.

Sai azahar ta washegari likita Griselda da jami'an kula da namun daji uku suka iso. Suka tarar da tudun duwatsu goma sha bakwai da wata mata zaune a tsakiya, takalmi ɗaya a ƙafa, faratanta sun fashe, butar ta lotse ta ko'ina. Ba tsuntsu ɗaya da ya ƙara mutuwa. Griselda ta ɗaga madubin hangen nesa ta ƙirga na sama, talatin da ɗaya.

"Doña, kin san abin da kika yi? Kondor ƙwai ɗaya take yi a shekara biyu, kuma sai ta kai shekara bakwai ko takwas take farawa. Waɗannan da ke sama kusan su ne duk abin da ya rage a wannan yankin. Da sun sauka, jikokinmu ma ba za su ga madadinsu ba."

Muryar Clorinda ta riga ta mutu. Da ƙyar aka ji abin da ta ce: "Ki ba ni ruwa tukuna, 'yata."

Aka tafi da tsuntsuwar birni. Ni kuma alƙali ya yanke mini shekara biyu ina bin jami'an gida-gida ina faɗa wa mutane abin da na yi. Da kurkuku aka kai ni da ya fi mini sauƙi. Mutanen da muka tashi tare suka daina miƙo mini ƙwaryar mate in na shiga gidansu. Don Nemesio ya sa mini Ɗan Sandan Ungulu, sunan ya bi ni har kasuwa.

A watan Mayu, bayan kowa ya sauko, Griselda ta kira taro a makarantar kwarinmu. Ta nuna hotuna, ta yi bayani a kan yadda gubar ke bin ruwan sama ta shiga rafin da muke sha. Maza suka zauna a kan kujerun yara, huluna a gwiwa. Sai Don Nemesio ya miƙe.

"Likita, mun ji. Amma ke albashi kike ci, mu akuya muke ci. Bara puma da dila sun ci mini hamsin da takwas, kuma ina zuba maganin ne ma. In na daina, ke za ki zo ki kwana a garkena? Ko ungulun ne zai sauko ya ciyar da iyalina?"

Aka yi gunaguni na yarda. Gaskiya ya faɗa, kowa a ɗakin ya san zafin abin, ni ma na sani. Daga bayan aji sai muka ji Clorinda.

"Hamsin da takwas, kana zuba magani. To maganin me ya yi maka, Don Nemesio?"

"Ke ki yi shiru, Uwar Karnuka. Kina kiwo a fili kamar tafin hannu. Ki zo kwazazzabona ki gani in karnukanki ba su zama abincin puma ba."

"Na zo."

"Me kika ce?"

"Na ce na zo. Karnukan ba ni suke bi ba, awakina suke bi. In Disamba ta yi zan kawo awakina duka in haɗa da naka a kwazazzabonka, mu yi kiwo tare har Afrilu, ba guba ko ɗigo. In asararka ta kai ta bara, ka shiga cikin nawa ka zaɓa ka cike."

"In kuma ba ta kai ba?"

"Ka kawo kwalbarka nan, gaban mutanen nan, ka ajiye ta da hannunka."

Ya duba hagu ya duba dama yana murmushi. "Ku shaida, jama'a. Bana zan ci naman awakin da suka yi makaranta." Aka kwashe da dariya, shi da Clorinda suka tafa hannu.

A hanyar gida na ce mata, "Yaya, hauka kike? Duk abin da kika mallaka fa kenan."

"Kai da ka zubo da goma sha uku daga sama, kai ne za ka koya mini hankali?"



Kafin mu hau, a watan Nuwamba, aka dawo da tsuntsuwar. Wata goma sha ɗaya ta yi tana jinya. An maƙala mata lamba a fiffike da wata 'yar na'ura mai nuna inda take. Griselda ta ce Clorinda ce za ta raɗa mata suna, ita kuwa ta ce a kira ta Mai Taurin Kai. Aka hau da kejin kan wata gaɓar dutse mai kallon kwarin, mutum ya fi ɗari a wurin, har da waɗanda suka zo don su ga abin dariya. Aka kira Clorinda ta buɗe ƙofa. Ta girgiza kai, ta tura ni gaba.

"Shi ya saukar da ita, shi zai mayar da ita."

Na zare sakatar. Tsuntsuwar ta fito a hankali, ta tako har bakin dutsen, ta tsaya. Ta buɗe fikafikai ta rufe. Ta gyara gashinta. Ta juyo ta ƙare mana kallo da jajayen idanunta. Kusan awa guda muna tsaye, ba mai motsi.

"Ta saba da naman birni," in ji Don Nemesio. "A kira mata mota."

Bai rufe baki ba iska ta taso daga ƙasan kwarin. Mai Taurin Kai ta baje fikafikanta ta saki dutsen. Ta yi ƙasa har mata suka yi kururuwa, sannan iskar ta ɗauke ta, ta fara hawa tana kewayawa ba tare da ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba. Wasu kondor biyu suka ɓullo ta bayan tsauni suka shiga zagayen tare da ita. Ihu ya tashi, aka dinga wurga huluna sama. Ni dai na zauna a ƙasa na rufe fuska da hannu ina kuka kamar yaro, ban damu da wanda ke kallo ba. Clorinda ta dafa mini kai, ta ce, "Ya isa, Auta. Tashi, akwai aiki."

Aikin kuwa da farko kamar zai watse. Awakin Don Nemesio ba su taɓa ganin kare a tsakiyarsu ba, da karnukan suka shigo sai suka fashe ta ko'ina, shida suka faɗa rami a mako biyun farko. Kullum da safe yakan zo bukkar Clorinda ya ɗaga mata yatsu. Ita ko kallonsa ba ta yi. Ta ɗaure jagororin garkensa da nata igiya ɗaya, akuya da akuya, har suka saba da warin karnukan. Zuwa Janairu garken ya zama ɗaya, karnuka biyar na zagaye da shi.

Wata safiya babban cikinsu, wani baƙin kare mai suna Tizón, ya fito daga garke yana ɗingishi, kafaɗarsa a tsage har ana ganin ƙashi. Sawun puma na nan a bakin rafi, ya zo, ya tsaya, ya juya da gudu. Aka ƙirga awaki, ba wadda ta ɓata. Clorinda ta ɗauko allura da zare, ta ce a riƙe mata kan karen. Ni na matso, sai Don Nemesio ya ture ni, ya durƙusa ya ɗora kan Tizón a cinyarsa. Tana ɗinki yana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa: "Yi haƙuri, namiji. Yi haƙuri, saura kaɗan." Da ya lura ina kallonsa ya ce, "Kai kuma me kake kallo, Ɗan Sanda? Jeka kawo ruwan zafi."

Da Afrilu ta yi aka sauko, asararsa tara ce, har da shidan da suka faɗa rami.

Ranar da aka sake taro, makarantar ba ta ɗauki mutane ba, wasu ta taga suke leƙe. Don Nemesio ya shigo a makare, da buhu a kafaɗa. Ya ajiye shi a kan teburin malami ya fito da kwalabe, ba ɗaya ba, huɗu.

"Ga su. Biyu nawa, biyu na surukina, na ƙwato." Ya juya ya fuskanci jama'a. "Kada wani ya ce karnuka ne. Ni a ganina pumar ce ta yi ƙaura."

"Ƙwarai kuwa," in ji Clorinda. "Na ga sawunta tana ƙaura, da gudu."

Ɗakin ya ɗauki dariya har shi kansa. Da aka lafa ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. "Doña Clorinda, in karyarki ta haihu, ina son huɗu."

"Biyu za ka samu. Kuma kai za ka matse akuyar da gwiwarka, sau huɗu a rana, ba matarka ba."

A wannan shekarar kwalba ashirin da uku Griselda ta kwashe daga kwarinmu. Ni na bi gidajen na karɓo su, kuma a yawancinsu an miƙo mini mate.

Yau shekara ashirin kenan. Cikin gidaje arba'in na kwarin, talatin da huɗu suna da karnukan garke, kuma in ka bi asalinsu duk daga garken Clorinda suka fito. Ba wai an daina asara ba ne, puma na nan, dila na nan, kowa na rasa 'yan kaɗan. Ba kuma ko'ina aka daina zuba guba ba, shekara biyu da suka wuce an tsinci kondor huɗu a wani kwari da ke arewa da mu, Clorinda ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Amma a namu ba a sake ba. Mai Taurin Kai ta yi ƙyanƙyasa sau huɗu da aka sani kafin na'urarta ta daina aiki. A ƙirgar bara, a gaɓar dutsen da suke kwana, an samu saba'in da biyu.

Clorinda na da shekara sittin da takwas, gwiwarta ta dama ta kumbura, sai an ɗaga ta take hawa alfadari. A watan jiya wasu makiyaya uku suka ƙetaro tsauni daga ɓangaren Chile, tafiyar kwana biyu, suka yi sallama a bukkarta. Sun ji labari, kwikwiyo suke so. Ta zaunar da su, ta gasa musu ɗan akuya, sannan ta fara tambaya. Awaki nawa gare su? Wa ke tashi da asuba a gidan? In yara suka so wasa da kwikwiyon, wa zai hana? Suka dinga kallon juna suna in'ina.

"Ba zan ba ku ba," in ji ta. "Za ku mai da mini su karnukan ƙofar gida."

Babbansu ya sunkuyar da kai. "To, Doña, mun gode da abinci."

"Wa ya ce ku tashi? Cewa na yi ba zan ba ku ba. Ni zan kai su da kaina, in zauna wata biyu in koya muku. Ina da karya mai ciki, kwana goma ya rage mata."

Na ce, "Yaya, da wannan gwiwar za ki ƙetare tsauni?"

"Gwiwar ce za ta yi tafiyar ko alfadarin? Ai kai za ka ɗaga ni, me ye amfaninka?"

Washegari na bar wa 'ya'yana garke. Muka shimfiɗa fatar tunkiya a kwando muka sa karyar a gefen alfadari, muka ɗaura buhun gari a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Na ɗaga Clorinda na ɗora ta a sirdi, ta karɓi linzami, ta shige gaban mutanen Chile a kan hanyarsu ta gida, tana waiwayowa tana ce musu su ɗaga ƙafa.